Hayar mota ta wata-wata: yadda ake gano ainihin kuɗin da za a biya

Kwanan baya wani ɗan'uwana da ke fatauci tsakanin Garwa da Ngaundere ya turo mini hotunan takardu biyu ta WhatsApp, ya ce: "Malam, duba mini, wanne ya fi sauƙi?" Tayin hayar mota ne daga kamfanoni biyu, mota iri ɗaya. Shi dai ya riga ya yanke hukunci, domin kuɗin wata a takarda ta farko ya fi ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tabbaci kawai yake nema. Da na ɗauki biro na tara lissafin, sai ga shi wadda ya raina ita ce ta fi dacewa da aikinsa.

Yawancinmu sayen mota kuɗi hannu muka sani: a je filin motocin Kwatano, a taya, a sallama, a biya duwan, a kama hanya. Amma hayar dogon zango tana ƙara shigowa. Kamaru ta yi dokar wannan harka tun watan Disamban 2010. A Kodebuwa, tun da aka hana shigo da ƙananan motocin da suka wuce shekara 5 a 2018, mutane da dama suka koma ga sababbin motoci, kuma ba kowa ke da kuɗin sabuwa a dunƙule ba. Ƴan'uwanmu da ke Faransa kuwa, kusan duk tallar mota da suke gani kuɗin wata take nunawa da manyan haruffa, farashin motar kuma sai an nema.

A takardun Faransanci za a ga sunaye uku. LLD haya ce zalla: wa'adi ya cika, ka mayar da mota. LOA haya ce da ke ba ka damar saye a ƙarshe a kan farashin da aka rubuta tun farko. Crédit-bail kusan haka yake, sai dai na ƴan kasuwa ne da kamfanoni. A duka ukun, muddin kana biya, motar ba taka ba ce, ta banki ce ko ta kamfanin da ya zuba kuɗin.

Daga ina kuɗin wata yake fitowa?

Mai ba da hayar yana duba farashin motar a yau, ya ƙiyasta abin da za ta yi a ranar da wa'adi zai cika. Bambancin da ke tsakani, wato faɗuwar darajar motar, shi ake raba maka bisa yawan watanni. A kan wannan sai a ɗora ribar kuɗin da ya zuba, wani lokaci da kuɗin juye, gyara ko inshora. Saboda haka mai sayarwa yana da hanyoyi da yawa na rage kuɗin wata ba tare da ya rage maka ko dala ɗaya ba: ya ƙara kuɗin da za ka ajiye da farko, ya tsawaita wa'adi, ya ɗaga farashin saye na ƙarshe, ko ya rage kilomitar da aka yarda ka yi. Lambar da ke kan allon talla, ana iya lanƙwasa ta yadda ake so.

Ga misali. Alƙaluman ba na ɗan'uwana ba ne, na tsara su ne don sauƙin lissafi, amma fasalin ɗaya ne. Mota ce ta sefa miliyan 20 kuɗi hannu, wa'adi wata 48.

Tayi na farko: jika 295 a wata. Sai dai biyan farko miliyan 4 ne, abin da ake rubutawa premier loyer majoré, sannan a biya jika 295 ɗin sau 47. An yarda ka yi kilomita 15,000 a shekara. In kana son motar a ƙarshe, ka kawo miliyan 7. Tayi na biyu: jika 410 a wata har sau 48, babu kafin alƙalami, kilomita 25,000 a shekara, farashin saye na ƙarshe miliyan 4.

A ido, tazarar jika 115 ce kowane wata. To, mu tara. A na farko, miliyan 4 da jika 295 sau 47 sun kama miliyan 17 da jika 865. In aka raba su gida 48, ainihin kuɗin wata ya zama wajen jika 372. A na biyu, jimla miliyan 19 da jika 680. Tazarar ta faɗo daga jika 115 zuwa kusan jika 38. Har yanzu na farko ne ke gaba, ga wanda zai mayar da motar kuma bai wuce kilomita ba.

Ga wanda zai riƙe motar, lissafin ya juye. Na farko ya tashi miliyan 24 da jika 865, na biyu miliyan 23 da jika 680. A cire miliyan 20 na farashin motar, sai a ga abin da hayar ta ci: miliyan 4 da jika 865 a na farko, miliyan 3 da jika 680 a na biyu. Kuma ɗan kasuwa ya san wani abu da takarda ba ta nunawa. Miliyan 4 da aka zare daga jari a rana ta farko ba daidai suke da miliyan 4 da za a biya bayan shekara huɗu ba, domin da suna hannunsa da sun juya sau da yawa.

Batun kilomita shi ne inda mutanenmu suka fi faɗawa. Kilomita 15,000 adadi ne da ya dace da ma'aikacin da ke zuwa ofis ya dawo gida. Garwa zuwa Ngaundere wajen kilomita 280 ne. Wanda ke zuwa ya dawo sau ɗaya a mako ya haura 29,000 a shekara, tun bai zaga cikin gari ba, bai je biki ko ta'aziyya ba. A misalinmu, mu ce mutum yana yin 25,000 a shekara, kuma yarjejeniya ta ce sefa 50 kan kowace kilomita da ta ƙaru. Rarar shekara huɗu kilomita 40,000 ce, kuɗinta miliyan 2 cif, a biya ranar mayar da mota. Tayi na farko ya koma miliyan 19 da jika 865, ya zarce na biyu. Arahar ta tafi.

Sai haraji. A duba ko an rubuta HT ko TTC kusa da kuɗin. HT yana nufin ba a sa TVA ba tukuna, kuma tayin da aka shirya wa kamfanoni galibi haka yake zuwa. TVA a Kamaru kashi 19.25 cikin ɗari ce, a Nijar kashi 19, a Benin da Kodebuwa kashi 18. Jika 295 HT a Duwala jika 352 ce a aljihu. Kamfanin da ke da rajistar TVA yana iya samun hanyar cire ta a wasu motocin aiki. Ƙaramin ɗan kasuwa da ba ya cikin tsarin, shi zai ɗauke ta gaba ɗaya.

Rangwamen mai sayarwa

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi ya san gyara. Mai awo yana ƙara maka ɗan hannu a kan tiya, amma ya san nawa ya sa tiyar. Rangwamen kamfanin mota haka yake. Wani na gaske ne, wani kuma an ɗauke shi ne daga aljihunka na dama aka sa a na hagu.

Na gaske yakan zo daga masana'antar da ta ƙera motar ko daga babban wakilinta, idan sabon samfuri ya kusa fitowa, ko motoci sun daɗe a ajiye, ko ana neman cika adadin cinikin da aka ɗora wa masu sayarwa. Shi ya sa ƙarshen wata uku-uku da ƙarshen shekara suka fi daɗin ciniki. Irin wannan ragin yana saukar da farashin motar kansa, wato adadin da aka gina hayar a kai, don haka dole ya bayyana a jimla. In an ce an rage maka miliyan ɗaya amma jimlar ba ta motsa ba, ba a rage komai ba.

Akwai wanda ake ɗaure shi da sharaɗi: za a yi maka ragi idan ka karɓi kuɗin daga kamfanin da mai sayarwar yake hulɗa da shi, ko ka yanki inshorarsu. Sau da yawa mai sayarwa yana da la'ada a kan waɗannan, kamar kowane dillali, kuma ba laifi ba ne. Abin da ya rage gare ka shi ne ka kai wannan farashi bankinka, ka ce su ma su yi maka nasu lissafin, ka jera takardun biyu. Haka ma "wata uku kyauta" da ake shela: a misalinmu na biyu wata uku miliyan ɗaya da jika 230 ne, kuɗi mai kyau, idan ba a mayar da shi cikin sauran watannin ko cikin farashin ƙarshe ba. Jimla ce kaɗai za ta nuna.

Wanda ya fi rikitarwa shi ne karɓar tsohuwar mota. Za a ce an saye taka da tsada, har da kyautar miliyan ɗaya a kai, sannan a ƙi taɓa farashin sabuwar. A ganina ciniki uku ne a nan, kuma kuskure ne a bari a cuɗa su: farashin sabuwar mota, kuɗin tsohuwarka, da sharuɗɗan haya. A fara tsayar da na farko kamar za a biya kuɗi hannu, a rubuta. Tsohuwar kuma a kai ta kasuwa a ji abin da za a taya kafin a kawo ta. Idan mai sayarwa ya fara da tambayar "nawa za ka iya biya a wata?", ka ce masa a gama maganar farashi tukuna. Duk adadin da ka ambata, zai iya haɗa maka takardar da ta yi daidai da shi.

Faransa ta ba da misali ƙarara na yadda ƙaramin kuɗin wata yake samuwa. A watan Janairun 2024 gwamnatinta ta buɗe shirin leasing social, hayar mota mai lantarki ga masu ƙaramin ƙarfi a kan kimanin yuro 100 a wata, wato jika 65 da ɗoriya. Cikin mako shida aka rufe shi bayan an karɓi buƙatu kusan 50,000. Sirrin arahar shi ne gwamnati tana zuba har yuro 13,000 a kan kowace mota, sama da sefa miliyan 8 da rabi, kuma inshora ba ta cikin yuro 100 ɗin. Duk inda aka ga kuɗin wata ya yi ƙasa sosai, wani ne ya biya babban kaso a gaba. A can gwamnati ce. A tayin da aka miƙo maka, a nemo wane ne.

Ga mu masu zama a bakin iyaka akwai wani abu da ba ya cikin lissafin kuɗi amma yana iya ɓata komai. Tun da motar ba taka ba ce, sunan mai ba da haya ne ke matsayin mai ita a carte grise. Tsallaka iyaka da ita yana buƙatar izininsa a rubuce, wasu yarjejeniyoyin ma sun hana fita ƙasar sam. Katin inshorar ƙetare, Carte brune a ƙasashen CEDEAO da Carte rose a CEMAC, yana rufe ɓarnar da ka yi wa wani ne, ba ya biyan motar da kake tuƙawa. Wanda danginsa ke Mubi ko Maiduguri alhali yana zaune a Garwa, ko yake kai kaya Njamena, ya tambayi wannan tun kafin ya tambayi launin mota. Na Faransa kuma ya sani ba zai iya loda motar haya a jirgin ruwa ya aika gida ba sai ya biya farashin ƙarshe ta zama tasa.

Sauran sharuɗɗan suna shafukan baya, inda rubutu yake ƙanana. Idan kasuwa ta tsaya ka kasa biya, ana karɓe motar, kuma yawanci ana bin ka wani kaso na watannin da suka rage, biyan farkon nan kuwa ba ya dawowa. Idan aka sace ta ko ta yi hatsarin da ba ta gyaruwa, inshora tana biyan darajarta ta wannan rana, wadda kan gaza abin da kamfani yake bin ka, sai in ka yanki ƙarin da ake kira perte financière. Ranar mayarwa kuma ana duba ƙwarzane, lotsawa, gilashi da tayoyi, a yi maka kuɗinsu. A hanyoyinmu na damina, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A nemi jadawalin kuɗin tun yanzu, a ɗauki hoton motar ranar karɓa.

Masu gudun riba za su ji ana tallar ijara a bankunan Musulunci da wasu rassan bankuna. A ƙa'idarta, mai motar ne ke ɗaukar asarar da ta shafi mallaka, kamar halakar motar ba da sakacin mai haya ba, kuma tarar jinkiri ba ta zama ribar banki. Hukuncin addini na malamai ne, a kai musu takardar su karanta. Ta fuskar lissafi dai babu abin da ya sauya: biyan farko, kuɗin wata sau yawan watanni, da farashin ƙarshe, a tara su a gwada da farashin kuɗi hannu.

Ɗan'uwana ya koma wurin kamfani na biyu da buƙatu uku a rubuce: a nuna masa jimla TTC, a ɗaga kilomita zuwa 30,000, a ba shi takardar izinin shiga Najeriya da Chadi. Sun yarda da biyun farko, kuɗin wata ya ɗan ƙaru. Na ukun sun ce sai sun tuntuɓi hedikwatarsu, shi kuma ya ce ba zai sa hannu ba sai ya ga amsar a takarda.