Farfesa Sheikh Anta Diop: Malamin Tarihi Mai Ɗakin Gwaji

Sau da yawa mukan raba kanmu gida biyu a makaranta, 'yan kimiyya a gefe ɗaya, 'yan tarihi da adabi a ɗaya gefen. Rayuwar Farfesa Sheikh Anta Diop na ƙasar Senegal tana nuna mana cewa wannan rabo ba dole ba ne.

An haife shi a shekarar 1923 a yankin Diourbel. A 1946 ya tafi birnin Paris karatu, inda ya haɗa ilimin lissafi da kimiyya da tarihi da nazarin harsuna. A lokacin nan, littattafai da dama na Turawa suna koyar da cewa Afirka ba ta da wani tarihin kirki, har ma suna ware tsohuwar Masar ta Fir'aunoni kamar ba a Afirka take ba. Wannan ne ya dame shi, ya ɗaura ɗamarar nuna cewa Masar ta dā ƙasar baƙaƙen Afirka ce.

Da ya rubuta kundin digirinsa na dokta a kan haka, ba a samu malaman da za su zauna su duba shi ba. Bai yi zuciya ba, sai ya buga aikin a 1954 da sunan Nations nègres et culture. Sai a 1960 ya samu digirin, ya koma gida.

A Dakar ya kafa ɗakin gwaji na auna shekarun kayan tarihi, wanda ya soma aiki a 1966. Ga yadda awon yake: duk abu mai rai yana ɗauke da wani sinadari mai suna kabon 14. Idan ya mutu, sinadarin yakan riƙa raguwa, rabinsa yana ƙarewa cikin shekara kusan 5,730. In an auna abin da ya rage a ƙashi ko gawayi, sai a san daɗewarsa. Ban da wannan, ya binciki fatar gawarwakin da Masarawa suka adana, ya kuma kwatanta harshensu da nasa na Wolof.

A 1974 hukumar UNESCO ta tara masana a Alƙahira a kan asalin mutanen Masar ta dā. Can ya kāre ra'ayinsa tare da Théophile Obenga na Kongo. Amma a gida, saboda adawarsa da gwamnatin Shugaba Senghor, bai samu kujerar koyar da tarihi a Jami'ar Dakar ba sai a 1981. Mahaƙurci mawadaci: ya rasu a 1986, a shekara mai zuwa kuma aka sa wa jami'ar sunansa.

Kada mu ɗauka duk abin da ya faɗa an yarda da shi. Masana da yawa ba su gamsu da kwatancensa na harsuna ba, suna kuma ganin mutanen Masar ta dā gauraye ne. Duk da haka, yau da wuya a yi zancen Masar ba tare da duba dangantakarta da Nubiya da sauran Afirka ba.

Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, mai son tarihi a cikinmu kada ya guji ɗakin gwaji, mai son kimiyya kuma kada ya raina labarin kakanninsa.