Kumburin Gwiwa da Ɗingishi ga Ƙaramin Yaro: Abin da Likita Ke Nema

Yaro ɗan shekara biyu ba ya wuni bai faɗi ba. Shi ya sa duk ranar da aka wayi gari gwiwarsa ta kumbura, yana jan ƙafa ko ya ƙi taka ta, ba a rasa wanda zai ce ai ya ga faɗuwarsa jiya a bakin ƙofa. Nan take sai a yanke cewa targaɗe ne. A gasa da ruwan ɗumi, a shafa man zafi, in abin ya ci tura a nufi gidan mai ɗori. Amma targaɗe bai cika samun yara masu waɗannan shekaru ba, domin jijiyoyin da ke ɗaure gaɓarsu sun fi bakin ƙashinsu mai girma ƙwari, in an bugu sosai ƙashin ne ke fara jin jiki. Saboda haka likitan yara ba ya gamsuwa da labarin faɗuwa. Yakan ajiye shi gefe, ya bi sauran dalilai ɗaya bayan ɗaya, ya fara da wanda ba ya jiran gobe.

Yaron ba zai iya cewa ga inda ke masa ciwo ba, don haka rabin binciken yana bakin uwarsa ko mai rainonsa. Yaushe aka fara gani? Da safe ya fi ɗingishi ko da yamma? Yana farkawa cikin dare da kuka? Jikinsa ya yi zafi? Ya koma rarrafe bayan ya iya tafiya? Akwai mai tari a gidan? Wane magani aka riga aka ba shi? Uwar da ta zo da kwalayen magungunan a jaka, da ɗan bidiyon tafiyar yaron da ta ɗauka a waya da sassafe, ta sauƙaƙa wa likita aiki matuƙa, domin yara da yawa da an shiga ɗakin likita sai su maƙale a jikin uwa su ƙi taka ko taku ɗaya.

Abin da likita ya fi tsoro shi ne mugunya a cikin gaɓa. Ƙwayoyin cuta, galibi wadda ake kira Staphylococcus aureus, sukan shiga jini ta ƙurji ko rauni, su yada zango a bakin ƙashi inda jini ke tafiya a hankali. Ga yaron da bai wuce wata 18 ba, hanyoyin jini suna ratsawa daga ƙashi zuwa gaɓa, sai ciwon ya tsallaka cikin sauƙi. Mugunya kuwa tana cin guringuntsin da ya lulluɓe kan ƙashi cikin 'yan kwanaki, kuma guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa yadda yake. Gwiwa mai zafi in an taɓa, yaro ya lanƙwashe ta ya ƙi yarda a motsa ko kaɗan, ga zazzaɓi: wannan a daren za a tafi asibiti.

A shekarar 1999 wani likitan ƙashi a Boston ta Amurka, Mininder Kocher, da abokan aikinsa suka fitar da alamu huɗu don gane mugunya a gaɓar kwatangwalo: zafin jiki da ya haura 38.5, ƙin taka ƙafa, awon jini na ESR sama da 40, da fararen ƙwayoyin jini fiye da 12,000. Ana aro su ga gwiwa ma, amma ba su isa hujja ba. Akwai wata ƙwayar cutar, Kingella kingae, da ta fi kama yara daga wata shida zuwa shekara huɗu, takan zo a laɓe, zazzaɓi kaɗan ko babu, awon jini ma kusan lafiya lau. Abin da ke raba gardama shi ne a zuƙo ruwan gwiwar da allura a auna. Iyaye da yawa sukan ja baya a nan, suna tsoron kada allura ta gurgunta yaro. Ana yin ta ne a wuri mai tsabta, an kashe wa yaro zafi, kuma ba ta da dangantaka da tsaga ko sakiya, waɗanda ke iya shigar da ƙwayar cuta cikin gaɓar da a da ba ta da ita.

A ƙasarmu abubuwa biyu kan ɓad da sawu tun kafin a kai ga wannan awon. Na farko gwajin maleriya. Yaro na iya ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a jininsa, musamman da damina, gwaji ya nuna, kowa ya ce an gano. To amma maleriya ba ta kumbura gwiwa ɗaya. Na biyu maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka saya a kemis aka ba da kwana biyu ko uku. Yana rage zazzaɓi, bai isa ya kashe ciwon ba, sannan ya hana ƙwayar tsirowa a ɗakin gwaji, sai likita ya rasa sanin wane magani ya dace da ita. Farasitamol don sauƙaƙa wa yaro a hanyar asibiti ba laifi. Sauran a bari.

Ba yadda za a yi a duba kumburin gaɓa ga yaro a Kano ko Zinder ba a tambayi rukunin jininsa ba. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila kowace shekara a Najeriya, kuma da yawa ba a sani ba sai ciwo ya tashi. Alamar farko takan bayyana bayan wata shida, hannuwa da ƙafafu su kumbura, yaro ya yi ta kuka. Wahalar ita ce tashin sikila da ciwon ƙwayar cuta a ƙashi kamanninsu ɗaya, kuma mai sikila ya fi kowa saurin kamuwa da na biyun, sau da yawa ta hanyar Salmonella. Don haka sanin cewa yaro SS ne, wato mai sikila, bai rufe bincike ba. In ciwon ya tsaya wuri ɗaya, zazzaɓi ya ƙi sauka duk da ƙarin ruwa da maganin zafi, sai a sake dubawa.

Wani lokaci kuma gwiwar ba ta da laifi. Jijiyar da ke kai saƙon ciwo daga kwatangwalo tana da reshe a gwiwa, sai yaro ya riƙa dafa gwiwa alhali ciwon yana sama. Likitan da ya san aikinsa zai kwantar da yaro ya juya cinyarsa ciki da waje, ya latsa ƙwauri, ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ya shafa gadon baya. Akwai wata siririyar tsagewa a ƙashin ƙwauri da ke samun masu koyon tafiya sakamakon 'yar murɗewa, wadda sau da yawa hoton farko ba ya nunawa sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Haka ciwon ƙwayar cuta a ƙashi, ba ya fitowa a hoto a makon farko. Ke nan jin cewa hoto bai nuna komai ba, bai kamata ya sa a daina komawa asibiti ba. Sikanin ya fi hoto saurin gano ruwa a gaɓa, kuma ba ya cutarwa. A karkara akwai ƙarin tambaya: ko yaron ya durƙusa a kan ƙaya? Ƙayar dabino ko ta bagaruwa takan karye a cikin gwiwa, bakin ya warke, gaɓar ta yi ta kumbura wata da watanni, hoto kuma ba ya ganin itace.

In namiji ne, ya fara kumburin gwiwa tun yana rarrafe, jikinsa na yin tabon taruwar jini da ɗan bugu kaɗan, a tambaya ko ya zubar da jini fiye da kima lokacin da wanzami ya cire masa beli ko ya yi masa kaciya, a kuma tambayi labarin kawunnansa na wajen uwa. Cutar rashin daskarewar jini tana samun kusan ɗaya cikin maza 5,000, ta wajen uwa ake gadonta, kuma irin wannan gwiwar jini ne a cikinta. Ja da murzar mai ɗori ƙara zubar da jinin suke yi. Ƙafar da ta saki kuwa ta yi laƙwas ba kumburi, maganar shan inna ce ko allurar da ta taɓa jijiya a ɗuwawu, a sanar da ma'aikatan lafiya nan da nan.

Idan mako uku ko huɗu suka wuce kumburi na nan, lissafi ya canza. Tarin fuka yana kama gaɓa, a hankali yake ci, yaro na ramewa, kuma sau da yawa akwai babba mai tari a gidan. Sankarar jini ta yara ta fi yawa tsakanin shekara biyu zuwa biyar, takan fara da ciwon ƙafa mai ta da yaro cikin dare, ga ɗashewa, ga kaluluwa, ga kasala. Awon jinin farko na iya fitowa ba wani abin tashin hankali, sai an maimaita ko an ɗebi ɓargo. A nan nake roƙon masu kemis da ƙananan ma'aikatan lafiya: kada a ba irin wannan yaro prednisolone ko dexamethasone don kumburi ya saɓe. Zai saɓe, iyaye su yi murna, amma maganin yana ɓoye sankarar jini na ɗan lokaci ya wahalar da gano ta, yana kuma ba tarin fuka damar yaɗuwa.

Sai kuma ciwon da aka fi mantawa da shi, domin mutane sun ɗauka amosanin gaɓɓai na tsofaffi ne. Tun 1897 likita George Frederic Still ya bayyana shi a jikin yara a Landan. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta far wa fatar da ke shimfiɗe cikin gaɓa. Nau'in da ya fi yawa yana kama gaɓa huɗu ko ƙasa da haka, ya fi samun 'yan mata daga shekara ɗaya zuwa huɗu, kuma gwiwa ce inda ya fi sauka. Yarinyar ba ta cika kuka ba, tana cin abinci, tana wasa. Da safe ne take tashi ƙafa a sandare, tana neman a ɗauke ta, kamar man shanun da ya daskare da sanyin asuba, hantsi na yi sai ta sake ta shiga cikin yara. Wannan ne ke sa a ce shagwaɓa ce ko sanyi. Babu wani awon jini guda da ke tabbatar da ciwon. Ana kiran sunansa ne idan kumburi ya kai mako shida ga wanda bai cika shekara 16 ba, bayan an kawar da duk waɗancan dalilai. Jiran yana ƙona ran iyaye, suna ganin kamar likita ya rasa ta cewa ne, alhali shi ma jiran ɓangare ne na binciken.

Ciwon yana jin magani. Akan fara da masu rage kumburi irin ibuprofen bisa awon nauyin yaro, ko a yi allura a cikin gaɓar, in ya ƙi a koma methotrexate sau ɗaya a mako, tare da motsa gaɓa a hannun masu gashin ƙashi. In an bar shi, naman cinya yakan tsotse, gwiwa ta ƙi miƙewa, ƙafar mai ciwo ma ta fi 'yar'uwarta tsawo saboda yawan jinin da ke kwarara bakin ƙashi. Ƙwararru kan amosanin yara ƙalilan ne a Najeriya da Nijar, don haka galibi likitocin yara na asibitocin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano ko na Shika a Zariya, da likitocin Asibitin Ƙashi na Dala, su ke ɗaukar nauyin.

Akwai abin da likitan gwiwa ba zai gani ba. Tsakanin ɗaya zuwa uku cikin goma na masu nau'in da ke kama gaɓa huɗu ko ƙasa da haka suna samun kumburi a cikin ido, kuma idon ba ya ja, ba ya ciwo, ba ya hawaye, har sai yana ko hawan jinin ido ya taɓa gani. Haɗarin ya fi yawa ga wadda ciwon ya kama tana ƙarama kuma awon ANA ya nuna a jininta. Likitan ido ne kaɗai ke gano shi da na'urarsa mai siririn haske, awon da bai wuce 'yan mintoci ba. Irin wannan yarinya ana kai ta duba ido duk bayan wata uku a shekarun farko, ko da gwiwar ta saɓe tana gudu da ƙafafunta.