Labarin Motocin Japan Masu Jinin Tsere da Dalilin Daina Ƙera Su

A cikin shekarar 2016 ne kamfanin Mitsubishi na ƙasar Japan ya daina ƙera motarsa da a ke kira Lancer Evolution, bayan an yi shekara 24 ana yin ta. Da watan Maris na 2022 ya kama, sai abokin karawarsa, watau Subaru, shi ma ya ba da sanarwa cewa sabuwar motarsa WRX ba za ta fito tare da ƙanwarta mai zafin gudu, STI mai shan fetur, ba. Mun ga ya kamata mu warware wa masu karatu asalin irin waɗannan motoci da abin da ya kashe su, domin al'amarin na doka ne da lissafin kuɗi, kuma babu wanda ya fi akawu sanin yadda layi ɗaya na doka ya ke rayar da sana'a ko ya binne ta.

Tseren da mu ke magana a kai shi ne wanda Turawa ke kira rali. Ba a fili mai kewaye a ke yinsa ba. Hanyoyin da jama'a ke bi kullum su a ke rufewa, ko ta laka, ko ta tsakuwa, ko ta ƙanƙara, sa'an nan a riƙa sakin motoci ɗaya bayan ɗaya ana auna lokacin kowace. Kusa da direba akwai ɗan jagora da littafi a hannu, yana karanta masa kwana da gada da rami tun kafin ido ya gan su.

A nan Afirka ne mutanen Japan su ka fara yin suna a wannan fage. Tseren Safari na Afirka ta Gabas an fara shi a 1953 don murnar naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, kuma muninsa ya kai a saki motoci da yawa, kaɗan su iso. Datsun ta ci shi a 1970 da 1971 da 1973. Joginder Singh, mutumin Kenya, ya ci shi da ƙaramar Mitsubishi Lancer a 1974 da 1976. (A tsakani, a 1975, Fijo 504 ce ta ci, wadda ba sai mun gabatar da ita ga kowa ba.) A yammacin Afirka kuwa, Kenjiro Shinozuka ya ci tseren Kwaddebuwa a 1991 da 1992 da Mitsubishi Galant, ya zama direban Japan na farko da ya ci wani zango na gasar duniya. Ba don nishaɗi kaɗai kamfanonin su ka zuba kuɗi ba. A wancan zamani mutane da yawa suna raina motar Japan, suna ganin araharta ita ce iyakar amfaninta. To, motar da ta ratsa dajin Kenya cikin damina ta fito lafiya, me kuma dillali zai ƙara faɗa wa mai saye?

Amma ainihin uwar waɗannan motoci doka ce. A watan Mayu na 1986 direba Henri Toivonen da ɗan jagoransa su ka mutu a tsibirin Kosika cikin wata mota ta ajin da a ke kira Rukunin B, motocin da ƙarfinsu ya wuce hankali. Sai hukumar tseren motoci ta duniya ta soke wannan aji. Daga 1987 a ka koma Rukunin A, wanda sharaɗinsa shi ne, duk motar da kamfani ya ke so ya shiga tsere da ita, lalle sai ya ƙera irinta guda 5,000 cikin wata 12 domin sayarwa ga jama'a. A 1993 a ka rage adadin zuwa 2,500.

A lura da abin da wannan sharaɗi ya haifar. In masu gyaran motar tsere suna son babban fiffike a baya, ko inji mai ƙarin ƙarfi, ko ƙafafu huɗu duka su riƙa ja, to tilas a sa wa dubban motocin kasuwa su ma. Ta haka ne mai albashi ya sami ikon sayen ƙanwar motar da ya ke gani a hoto tana tsalle a kan tudu. Toyota ta fito da Celica GT-Four a 1986, Nissan ta kawo Pulsar GTI-R a 1990, sa'an nan a 1992 Lancer Evolution da Subaru Impreza WRX su ka fito. Dukansu injinsu lita 2 ne kurum, amma da wata na'ura a jiki mai suna turbo, wadda aikinta kamar na zugazugin maƙeri ne: hayaƙin da ke fita shi ke juya ta, ita kuma ta dinga tura iska cikin inji, wuta ta ƙara ci. Kamfanonin Japan sun yi alkawari tsakaninsu, har zuwa 2004, cewa ba za su rubuta wa mota ƙarfin da ya wuce na doki 280 ba, ko da ya ke masu gwadawa sun sha cewa abin da ke cikin injin ya ɗara abin da ke kan takarda. Abin sha'awa ga Lancer da Impreza shi ne ƙofa huɗu gare su da wurin kaya. Mutum ya kai yara makaranta da safe da motar da ke iya ba motocin alfarma na Turai kunya.

Nasara kuwa ta zo. Direbobin Toyota sun ci kambin duniya a 1990, 1992, 1993 da 1994. Colin McRae ya ci da Subaru a 1995, Tommi Makinen na ƙasar Finlan ya ci sau huɗu a jere da Mitsubishi daga 1996 zuwa 1999. Zafin gasar har ya kai ga maguɗi: a 1995 a ƙasar Sifen a ka kama ƙungiyar Toyota ta yi dabara a maƙogwaron turbo don iska ta wuce ƙa'ida, a ka kore ta shekara guda.

Dokar da ta haife su ita ce ta fara janye musu tabarma. A 1997 hukumar ta shigo da sabon aji wanda ya yarda kamfani ya ɗauki gangar jikin motar gida ta yau da kullum, ya sa mata turbo da jan ƙafa huɗu domin tsere kawai, ba sai ya sayar wa kowa irinta ba. Nufin hukumar shi ne a jawo kamfanoni da yawa, kuma sun zo. Amma daga ran nan motar kasuwa mai jinin tsere ta tashi daga tilas ta koma ganin dama. Toyota ta bar gasar a ƙarshen 1999, Celica GT-Four ma ta tsaya a shekarar. Mitsubishi ta janye bayan 2005. Subaru ta bi sahu a watan Disamba na 2008, sa'ad da tattalin arzikin duniya ya karye. Motocin biyu sun ci gaba da fita shekaru bayan haka, amma da tsohon suna su ke ci.

Sa'an nan ga dokar hayaƙi. Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa daga 2021 zuwa 2024, in an haɗa dukan sababbin motocin da a ka sayar an raba, kada hayaƙin ya wuce giram 95 a kowace kilomita, kuma kamfanin da ya haura nasa ma'auni zai biya tarar Yuro 95 a kan kowane giram, a kan kowace mota. Mota mai turbo da jan ƙafa huɗu ta ninka wannan adadi har da ɗori. Tun 2018 Subaru ta daina kai STI Ingila. A Japan kuma, a ƙarshen 2019 ta yi ban kwana da tsohon injinta EJ20 da motoci 555 da a ka raba wa masu saye ta hanyar ƙuri'a. Lambar nan kuwa tsofaffin masu kallo sun san ta, ita ce ta tabar da sunanta ke jikin shuɗiyar motar McRae.

Masu saye su ma sun juya. Hankalin magidanta ya koma kan manyan motoci masu tudu irin na jif, su ne kuma ke kawo riba. Mitsubishi ta ce ƙarfinta zai koma kan irin waɗannan da masu haɗa fetur da lantarki, ta rufe Evolution da bugu na ƙarshe, 1,000 don Japan, 1,600 don Amurka. Wasu suna ɗora laifin a kan abin kunyar 2016, sa'ad da kamfanin ya amsa cewa ya yi ƙarya game da shan man ƙananan motocinsa, har Nissan ta sayi kashi 34 cikin 100 nasa. Wannan ba daidai ba ne, domin an riga an yanke wa Evolution hukunci kafin asirin ya tonu.

A ganinmu, masu cewa dokar hayaƙi kaɗai ce ta yi kisan sun taƙaita. Ga dalilinmu. Toyota ta koma gasar a 2017, ta fito da GR Yaris a 2020, ƙaramar mota mai silinda 3 da turbo da jan ƙafa huɗu, ta ƙara da GR Corolla a 2022, duk a ƙarƙashin dokokin nan da su ka gagari sauran. Bambancin shi ne Toyota tana sayar da motoci wajen miliyan 10 a shekara, da yawansu masu haɗa fetur da batir ne, saboda haka hayaƙin 'yan dubbai ya kan ɓace cikin jimla. Shugabanta na lokacin, Akio Toyoda, shi kansa direban tsere ne. Mitsubishi da Subaru ƙananan kamfanoni ne a kan Toyota, kuɗin binciken da ke hannunsu ba ya isa a raba shi biyu, sai su ka zaɓi inda kasuwa ta nufa. Ba mu ga laifin ma'ajinsu ba. Abin da mu ke ganin an yi hasararsa shi ne igiyar da ta ɗaure filin tsere da kantin dillali, domin tun 2022 manyan motocin gasar duniya a kan ƙashin bututun ƙarfe a ke gina su, kamannin motar gida kurum a ke lulluɓa musu.

Waɗanda su ka rage a hannun mutane kuwa sai tsada su ke yi. Amurka tana da doka cewa motar da ta cika shekara 25 ana iya shigo da ita ko da ba a ƙera ta bisa ƙa'idar ƙasar ba, don haka kowace shekara dillalan can su kan shiga kasuwannin gwanjon Japan neman waɗanda su ka isa. A 2021, sa'ad da reshen Mitsubishi na Ingila ya yi gwanjon tsofaffin motocin da ya ke ajiye da su, wata Lancer Evolution ta shida mai ɗauke da sunan Makinen an saye ta fiye da fam 100,000.