Masu Gadin Faranti a Asibitocin Matasan Ingila

A sassan da ke kula da matasa masu larurar ƙin cin abinci a Ingila, ɗakin cin abinci ne fagen daga. Sau uku ake zama a rana, da ɗan abin taɓawa sau uku a tsakani. Akan ba yarinya kamar rabin sa'a ta cinye abin da ke farantinta, sannan a ci gaba da zama da ita na wani lokaci, don kada ta shige banɗaki ta amayar, ko ta kama safa da marwa da nufin ƙone abin da ta ci. Cikin masu zama a gefenta akwai ma'aikatan jinya, a wurare da dama kuma akwai wani ma'aikaci da ba kasafai ake jin labarinsa ba: mataimakin masanin halayyar ɗan'adam.

Shi ne ƙarami a layin masanan. Yana da digirin farko da ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Birtaniya, BPS, ta amince da shi, amma ba shi da rajistar da za ta ba shi ikon yin aiki shi kaɗai. Hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, tana ajiye shi a mataki na 4 ko na 5 na albashi, ƙarƙashin ƙwararre mai rajista. Mata ne suka fi yawa a aikin, kamar yadda 'yan mata suka fi yawa cikin majinyatan, ko da yake samari ma suna kamuwa.

Cutar tsohuwa ce. A 1873 likita William Gull na Landan ya raɗa mata suna anoreksiya, a shekarar da Charles Lasègue ya yi bayaninta a Faransa. A 1979 Gerald Russell ya fayyace 'yar'uwarta bulimiya, inda ake cin abinci fiye da kima sannan a amayar. Anoreksiya na cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, domin yunwa ba ta barin zuciya da ƙoda da ƙashi.

Zama a bakin faranti yana da ƙa'idojinsa. Ba a ciniki kan yawan abinci, don likitan abinci ya riga ya tsara. Ba a tsawa, ba a kuma yaudara. Mataimakiya takan janyo hirar makaranta ko ta wani fim, in ta ga cokali ya tsaya sai ta ce cikin sanyin murya, "Na san da wuya, amma ɗauki na gaba." Idonta kuma na kan ɗan burodin da aka murtsuke a hannun riga da man da aka shafe a ƙarƙashin faranti. Ana koya mata ta riƙa raba yarinyar da cutar a maganarta: cutar ce ke ɓoye abinci, ita ke ƙarya, yarinyar kuwa kamammiya ce a hannunta. Har yabo ma sai an auna. A wurinmu in aka ce wa mai jinya "kin murmure, har kin yi kumatu," fara'a za ta yi. A can irin wannan magana na iya rushe aikin mako guda, domin kunnen mai anoreksiya ƙiba kawai yake ji.

A zaman wayar da kai da mataimakan ke yawan jagoranta, labarin da ba ya wucewa shi ne gwajin Minnesota. A 1944 da 1945 masani Ancel Keys ya ɗauki lafiyayyun maza 36 a Amurka, ya rage musu abinci na wata shida, har suka zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Mutanen suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu na tara littattafan girki, suna yanyanka lomarsu ƙanana, ga saurin fushi da ƙin shiga mutane. Iyaye kan ji wannan su yi shiru, don halin 'yarsu ne aka zayyana. Abin da ake so su gane shi ne, da yawan abin da suke ɗauka taurin kai ne, aikin yunwa ne a ƙwaƙwalwa, kuma abinci ne maganin farko.

Iyayen ne ma ginshiƙi. A asibitin Maudsley da ke kudancin Landan, Christopher Dare da Ivan Eisler da abokan aikinsu suka gina hanyar magani da ke mayar da ragamar ciyarwa hannun uwa da uba, maimakon ɗora musu laifi. Binciken da suka wallafa tare da Russell a 1987 ya nuna amfaninta ga matasan da cutar ba ta daɗe a jikinsu ba. A 2017 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta sanya ta a matsayin zaɓi na farko ga yara da matasa, zama 18 zuwa 20 cikin shekara guda. Ƙwararre ne ke jagorantar zaman. Mataimakiya ita ke rubuta bayani, ta kira uwa a waya tsakiyar mako, ta taya gudanar da taron iyaye. A garuruwa irin su Birmingham da Bradford, gabatowar watan Ramadan kan kawo tambayar azumi, kuma sau da yawa sai an haɗa da malamin addini kafin iyali su natsu cewa rangwamen da aka yi wa marar lafiya ya shafi 'yarsu.

Sauran aikin na takarda ne da kwamfuta: raba takardun tambayoyi irin su EDE-Q, shigar da maki, lissafin ranakun jira. Tun 2015 NHS ta gindaya cewa a fara jinyar mai buƙatar gaggawa cikin mako ɗaya, sauran cikin mako huɗu. Annobar korona ta ƙaro majinyata sosai, har sassa da yawa suka kasa cika wannan sharaɗi.

A nan haɗarin yake. Inda ƙwararru suka yi ƙaranci, akwai jarabar a ɗora wa ƙarami kayan da ya fi ƙarfinsa. Mataimakiya ba ta tantance cuta, ba ta taɓa tsarin abinci, domin jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi da gaggawa, sinadarin fosfet na iya faɗuwa a jini, zuciya ta rikice. Rahoton da mai binciken ƙorafe-ƙorafen lafiya na majalisar dokokin Birtaniya ya fitar a Disamban 2017, bayan rasuwar wata ɗalibar jami'a 'yar shekara 19, ya nuna yadda giɓi tsakanin sassa da ƙarancin horo kan jawo asarar rai. Shi ya sa zaman bitar da mataimakiya ke yi da ƙwararren da ke samanta, galibi mako-mako, ya kamata ya zama na ƙarshe da za a soke in aiki ya yi yawa. Ba kullum hakan ke faruwa ba.

Kusan duk mai wannan aiki hankalinsa na kan digirin dakta na shekara uku da NHS ke ɗaukar nauyinsa, wanda ake nema ta wata cibiya a Leeds, masu nema kuma sun ninka guraben sau da yawa. Yawancin kwantiragin mataimaka na shekara ɗaya ne ko biyu. Jinyar anoreksiya kuwa takan ɗauki shekaru, saboda haka yarinyar da ta saba da mutum ɗaya a teburi takan ga an sauya mata fuska fiye da sau ɗaya kafin a sallame ta, musamman a watannin Satumba da Oktoba da ake buɗe jami'o'i.