Bentley: Sunan Da Mai Shi Ya Rasa A Kotu

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, don waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Idan na ce Bentley, na san abin da ya faɗo muku a rai: motar nan mai tambarin B da fukafukai, wadda ake leƙawa ta taga idan ta wuce. Ni ma haka nake, sai da wani ƙanina ya ga sunan a wani littafi ya tambaye ni wai ko kamfanin motar ne ya buga shi. Na yi dariya, amma fa ban iya ba shi amsa ba sai da na je na bincika.

Ashe Bentley sunan gari ne. A tsohon Turanci, ma'anarsa fili a cikin daji mai wata irin ciyawa mai tauri. Akwai ƙauyuka da dama a Ingila masu wannan suna, mutum ya bar ƙauyensu sai a riƙa kiransa da shi, kamar dai yadda muke da Aminu Kano, Shehu Shagari ko Sa'adu Zungur. Shi ya sa ba duk masu sunan ba ne 'yan gida ɗaya.

Tun kafin a ƙirƙiro mota, masana littafi sun san sunan. Akwai Richard Bentley, malamin Girkanci da Latin a Kambirij, wanda a 1699 ya tabbatar da cewa wasu tsoffin wasiƙu da ake jingina wa sarki Phalaris na jabu ne. Gwani ne, amma akwai girman kai. A 1732 ya ɗauki Paradise Lost na John Milton ya yi ta canza kalmomi, wai tunda Milton makaho ne, wani ne ya ɓata masa rubutu. Har yau ana yi masa dariya kan wannan.

Sai wani Richard Bentley ɗin, mai buga littattafai a Landan. A mujallarsa aka fara fitar da Oliver Twist kashi-kashi daga 1837, Charles Dickens kuma shi ne editan, har suka ɓata kan kuɗi da sharuɗɗan aiki ya ajiye a 1839. Shi ne kuma ya fara buga Moby-Dick a 1851 da sunan The Whale, amma babu shafin ƙarshe da ke nuna yadda mai ba da labarin ya tsira. Sai masu sharhi suka ce, to idan kowa ya nutse, wa ya ba mu labarin? Akwai kuma E. C. Bentley, mai labarin binciken kisa Trent's Last Case na 1913.

To mu dawo kan na motar, don nan ne labarin ya taɓa ni. Walter Owen Bentley, wanda ake kira W. O., ya fara koyon aiki ne a jirgin ƙasa yana ɗan shekara 16. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙera injinan jirgin sama, a 1919 ya buɗe kamfaninsa a Landan. Motocinsa sun ci gasar Le Mans ta Faransa, tseren awa 24 ba tsayawa, har sau biyar: 1924, sannan 1927 zuwa 1930 a jere. Suna ya yi suna, amma aljihu babu. Tattalin arzikin duniya ya karye, masu sayen motar tsada suka ja baya, bashi ya ci kamfanin. A 1931 Rolls-Royce ta saye shi a ɓoye ta hannun wani kamfani na daban, sai daga baya W. O. ya san wanda ya saya.

Kun ga abin da ya biyo baya? Mutumin ya koma ma'aikaci a ƙarƙashin abokan hamayyarsa. A 1935 ya tafi kamfanin Lagonda. Da Lagonda ta so tallata sabuwar motar da ya zana da sunan Lagonda-Bentley, sai masu Rolls-Royce suka garzaya kotu, kuma suka yi nasara. Sunan da ya gada wurin mahaifinsa, ba shi da ikon liƙa shi a jikin motar da shi da kansa ya zana, don an sayar da sunan tare da kamfanin. Wallahi duk lokacin da na ga matasanmu suna sa sunansu a shagon ɗinki ko na turare, sannan su shigo da mai kuɗi ba tare da rubuta komai ba, sai W. O. ya faɗo min.

Ya rasu a 1971. Tun 1998 kamfanin Volkswagen na Jamus ne ke da Bentley, kodayake har yanzu a garin Crewe na Ingila ake haɗa motocin.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.