YADDA AKE AUNA GASKIYAR BUHUN TAKI

'Yan'uwa manoma, buhun yuriya da ƙungiyarku ke saye a Kakuri ko Sabon Tasha yana ɗauke da lamba 46. Ma'anarta ita ce, cikin kowane kilo 100 na takin akwai kilo 46 na naitirojin, watau abincin da ke sa masara ta yi kore shar. Amma lamba ba ta hana mugun ɗan kasuwa ƙara yashi ko gishiri. To, yaya ake gane gaskiya?

Asalin dabarar tana cikin madafinmu. Kowace uwargida ta san kanwa tana kashe tsami, ta kuma san zoɓo yakan sake launi in an jefa masa kanwa. Masu ɗakin gwaji da wannan suke aiki. Sukan ɗiga ruwan soda a kan asid, ɗigo ɗigo, har maganin launin da aka sa a ciki ya juya. Nan ne tsamin ya mutu. Yawan sodar da aka ɗiga shi ke nuna yawan asid ɗin.

Aikin asid ba baƙo ba ne a kudancin Kaduna. A Kakuri aka buɗe masana'antar takin supa ta Gwamnatin Tarayya a 1976. Shi supa da asid irin na ruwan batir ake yinsa, in kuwa asid ya yi saura da yawa yakan cinye buhu. Da irin wannan ɗigo ake auna sauran.

Na yuriya kuwa, ana bin hanyar da Johan Kjeldahl, mutumin Denmark, ya fitar a 1883. A auna giram ɗaya na takin, a dafa shi da asid mai ƙarfi, sa'an nan a zuba soda. Naitirojin zai tashi cikin iskar nan mai hawa kai da ake ji a ɗakin kaji. Sai a kama ta cikin mililita 50 na wani asid da aka san ƙarfinsa, wanda kowace mililitarsa ke kama miligiram 14 na naitirojin. Daga nan a ɗiga soda mai ƙarfi daidai da nasa, a ga asid nawa ya rage.

Ga misali. In soda mililita 17 ta juya launin, asid 17 ya rage. 50 a ɗebe 17, saura 33, su ne takin ya cinye. 33 sau 14 ya zama miligiram 462 cikin 1,000, watau 46 cikin ɗari. Wannan taki na gaske ne.

In kuwa sai da aka ɗiga 28, to 22 kaɗai takin ya cinye. 22 sau 14 ya zama 308, wajen 31 cikin ɗari. A gwada 22 da 33, kashi biyu ne cikin uku. Buhu mai kilo 50 yana da wajen kilo 17 na banza ke nan. Ƙungiyar da ta sayi buhu 90 ta zubar da kuɗin buhu 30, ga bashi yana jira da kaka.

A gida kuna iya zuba cokali ɗaya cikin kofin ruwa. Yuriya takan narke sarai, ruwan ya yi sanyi, yashi kuwa ya kwanta. Amma gishiri ma narkewa yake yi, don haka ba a raina ɗakin gwaji.

Kafin ku biya kuɗin babban sari, ku ɗebi tafi ɗaya ɗaya daga buhuna da dama, sama da tsakiya da ƙasa. Ku gauraya, ku zuba cikin busasshiyar kwalba, ku rufe gam, ku rubuta ranar da sunan mai sayarwa. Ku roƙi malamin gona ya kai ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya. Dokar ingancin taki ta 2019 ta hana sayar da gurɓataccen taki, takardar gwajin kuwa ita ce shaidarku. Ku sa maganar cikin taronku tun damina ba ta faɗi ba.