Indiya da Rabon Ruwan Tur'a

Duk wanda ya taɓa noma a Jazira ta Sudan ya san ruwa ɗaya ke fitowa daga madatsar Sinnar, amma ba daidai yake isa kowace hawasha ba. Tun 1925 da aka gama madatsar, ruwan Nilu ke bin babbar tur'a, ya rarrabu cikin ƙanana, ya shiga abu ishirin, abu sitta ta kai shi gindin auduga. Mai gona a bakin tur'a yakan sha har ya ture. Na can ƙurya kuwa, shi za ka tarar da tsakar dare riƙe da tocila, wando a naɗe zuwa gwiwa, yana kwashe ciyawa da laka da hannu, yana jiran abin da na gaba suka rage. Tambayi mutanen nan biyu labarin Jazira, sai ka rantse ba ƙasa ɗaya suke zaune ba.

Haka gardamar Indiya take a majalisun Mai Wurno da Madani. Yaron da ke tuƙa raksha ƙirar Bajaj zai ce, "Baba, mutanen nan fa sun sauke na'ura a kan wata a 2023." Dattijon da ya raka ɗan'uwa jinya can zai girgiza kai ya ce, "Ɗana, ni da idona na ga masu kwana a gefen titi." Babu maƙaryaci a cikinsu. Kowa bakin tur'ar da ya tsaya yake bayar da labari.

Indiya ƙasa ce ta mutum sama da biliyan 1.4, wadda ta zarce Sin a yawan jama'a a 2023. Tana da jihohi 28, tsarin mulkinta ya lissafa harsuna 22, kuma mutumin Tamil Nadu da na Fanjab sau da yawa sai da Ingilishi suke fahimtar juna. Jihar Uttar Pradesh kaɗai ta kusa mutum miliyan 200 a ƙidayar 2011, wato ta ninka Sudan sau da dama. Hindu ne mafi rinjaye, wajen kashi 80 cikin 100. Musulmi kashi 14 ne, amma wannan "kaɗan" ɗin ya haura mutum miliyan 170, duk da rabuwar da aka yi da Pakistan a 1947.

Delhi ce madatsar. Daga can kuɗi da doka da hatsi ke gangarowa, har gwamnati na raba wa mutum wajen miliyan 800 shinkafa da alkama kyauta kowane wata. Mumbai da Bangalo da Gujarat suna bakin tur'a: tashoshin jiragen ruwa, masana'antun magani, kamfanonin kwamfuta. Bihar tana ƙurya, samarinta na cika jiragen ƙasa zuwa cin rani a gonakin Fanjab da gine-ginen Delhi. A ƙidayar 2011, kusan kashi 94 na mutanen Kerala sun iya karatu da rubutu, a Bihar kuwa kashi 62 ne. Fasfo ɗaya suke riƙewa.

Akwai kuma wanda ko a ƙuryar ma ba shi da hawasha. Mu nan mun san zaman kambo: iyalin da kakansu ya tsinci auduga, ubansu ya tsinta, su ma suna tsinta, amma sunansu bai taɓa shiga littafin masu gona ba. Indiya na da nata, kuma nata ya fi tsauri, don da haihuwa ake gadonsa. Su ne Dalit, mutum wajen miliyan 200, waɗanda a da ko rijiya ba a yarda su ɗiba tare da sauran jama'a ba. Ɗaya daga cikinsu, Dokta Ambedkar, shi ya jagoranci rubuta tsarin mulkin 1950, wanda ya haramta ƙyamar, aka kuma ware musu guraben karatu da aiki da kujerun majalisa. Har shugaban ƙasa sun fitar. Sai dai a ƙauye, in maganar aure ta taso, dangin amarya ba tsarin mulki suke buɗewa ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne na ƙurya yana da ranar da ake jin muryarsa. A zaɓen 2024 masu rajista sun kusa miliyan 970, aka kaɗa ƙuri'a zango bakwai daga Afrilu zuwa farkon Yuni, yanki bayan yanki, kamar yadda ake sakin ruwa bi da bi. A ganina wannan ne ya hana tur'ar ɓallewa shekaru saba'in da ɗoriya, duk da rigingimun addini da na Kashmir. Mu ma mun ɗanɗana: Sukumar Sen, wanda ya shirya wa Indiya zaɓenta na farko, shi ya shugabanci hukumar zaɓen Sudan a 1953. Abin da muka yi da darasin daga baya, wannan zance ne na wata rana.

Indiyawa 'yan kasuwa, yawancinsu daga Gujarat, sun daɗe a Omdurman da Fot Sudan da Kasala, kuma sandal ɗin da matanmu ke haɗa humra da shi, na asalin daga kudancin ƙasarsu yake zuwa. Mu kuma adasiyya muke aika musu, waken da suke miya da shi kusan kullum. Su ne suka fi kowa nomanta a duniya, amma ba ta isarsu. Noman nasu ya rataya ne a kan damina mai sauka daga Yuni zuwa Satumba. Shekarar da ruwa ya yi gardama a Maharashtra da Karnataka, dillalai kan bazu neman adasiyya a Mozambik da Tanzaniya da Sudan, sai manomin Jazira ya ga buhunsa ya yi daraja tun kafin ya gama sussuka.